Gayya a Fadamar Malam Mudi

Tun daga inda babur ya bar kwalta ya kama hanyar Tsiga Najiba take jin gangar noma, ba ta kuwa kawo komai a ranta ba. Har cewa ta yi da ɗan acaɓan da ya ɗauko ta daga Funtua, "Yau kuma wane mai rabo ake wa gayya?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malama, ai ke za a tambaya. Duk gari an san a fadamar Malam Mudi ake yi."

Malam Mudi mahaifinta ne. Sai da ta sa ya maimaita, sannan ta ce ya ƙara wuta ko da za su faɗi.

To, bari ka ji abin da ke cikin fadamar nan, don in ba ka ji ba sai ka ɗauka yarinyar ba ta da tarbiyya, yadda mutanen Tsiga suka ɗauka. Najiba ta yi karatun noma a Zariya, aikinta kuwa haɗa auren masara. Ta kaɗe bununin wannan ta zuba a gemun waccan, ta ɗaure da takarda kada iska ta kawo na wata, ta jira kaka ta ga abin da aka haifa. Shekara da shekaru tana wannan wahala, hannunta duk ya yi kanta kamar na mai faskare. Abin da take nema iri ne mai aure wanda fari ba zai ƙone shi ba, ruwa kuma in ya kwanta a gona ba zai ruɓar da shi ba. Duk manomin da ke tsakanin Funtua da Malumfashi ya san dalili. Shekara ɗaya ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke neman goyo, ta bushe a tsaye. Wata shekarar ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta, ta yi rawaya ta faɗi. Gidan Malam Mudi kansa ya sha duka biyun a jere, har aka sayar da shanun huɗa aka sayi hatsi.

Ba a gane jarumar masara da kallo. Sai an gana mata azaba. Da rani Najiba ta shuka irinta a bakin madatsar ruwa, ta hana su sha a lokacin da suka fi bukata, mafi yawa suka mutu. 'Yan da suka tsira su ta kawo fadamar ubanta da damina, layi-layi, ta sa aka zagaye su da ganuwar ƙasa don ruwan sama ya taru ya kwanta a gindinsu. Ya kuwa kwanta. Abin da ya rage shi ne a bar shi ya yi kwanakinsa, ragwaye su mutu, masu ƙarfin saiwa su tsaya da korensu. An ci rabin kwanakin ke nan, wasu sun fara yin rawaya, da yawa ba su nuna halinsu ba tukuna. A cibiyar da take aiki kuwa an gaya mata ba ɓoye-ɓoye: bana ce ta ƙarshe. Irin da ba a ga shaidarsa da kaka ba za a cire shi, a ba wani aikin fili.

Ta bayyana wa ubanta wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yana tauna goro yana gyaɗa kai. Amma bakin mutane ba ya gyaɗa kai. Duk wanda ya bi ta fadamar sai ya tsaya ya yi salati. A ƙofar masallaci ana cewa gonar Mudi ta nutse, ga shi gwiwa ta kama shi, ba ɗa namiji a gida, sai ɗiya mace 'yar boko da ke tsaye tana kallon masara na mutuwa tana ɗaukar ta hoto. Mudi fa, wanda lokacin ƙarfinsa ba a taɓa kiran gayya a Tsiga aka rasa garmarsa ba!

Da babur ya tsaya, Najiba ta diro, ta bar damin takardun ɗaure masara da ta je karɓowa a ƙasa, ta nufi ganuwar da gudu.

An sare ta wuri uku ta gefen gangare. An ja lambatu mai kyau, miƙaƙƙe, har bakin rafi, aikin gwanaye, ba inda za ka kushe shi. Ruwan da ta yi ta roƙon Allah ya taru, ruwan da take zuwa dubawa safe da yamma, ya tafi. Sai laka ke ƙyalli tsakanin layukan, da 'yan kwaɗi suna tsalle. Ta tsaya riƙe da ƙugu, bakinta a buɗe. Ta rasa ko kuka za ta yi ko ihu. Haushi ne tsantsa, irin wanda ke sa kunnen mutum ya yi ɗumi.

Can ƙarƙashin itacen ɗorawa maza sun fi talatin, laka har gwiwa, suna wanke hannu ana jera masu kwanukan tuwo da ƙoren fura. Da Shitu makaɗi ya hango ta sai ya sake kiɗa, ya ɗaga murya yana yi mata kirari: ɗiyar Mudi, ta Zariya mai alƙalami, yau an share maki hawaye! Jama'a suka ɗauki shewa. Kai, duniya! An yanka ka kuma ana maka kiɗa.

Gwaggo Marka, ƙanwar ubanta, ta tare ta da ludayi a hannu, idanunta jajur don hayaƙi. "Alhamdu lillahi da kika iso kafin su ci. Tun asuba nike tsaye kan tukunya. Maza gyara mayafinki ki je ki durƙusa gaban Sarkin Noma ki yi godiya. Aikinki ne aka yi wa, bakinki suke son ji."

"Godiyar me, Gwaggo?"

"Yo ke makauniya ce? Ba ki ga an cece maki gona ba?"

Najiba ta bar ta nan tsaye. Ta wuce ta inda ubanta ke zaune kan buhu, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar ba Juma'a ba ce. Ta tsuguna kusa da shi, ta rage murya don kada a ji.

"Baba, ka san da wannan?"

Bai dube ta ba. "Sarkin Noma Yahaya ya same ni har zaure. Ya ce gari ya yanke a yi mani gayya, don sun tuna da abin da na yi masu. In ce mashi me? In ce ku bar ta, ɗiyata ce ke son gona ta nutse?"

"E mana! Abin da za ka ce ke nan, tunda gaskiya ce."

"Ba a maida alheri, Najiba. Wanda ya kori gayya daga ƙofarshi ya kori gari."

"Shi ya sa jiya ka ce in yi sammako zuwa Funtua, wai kada rana ta dake ni."

Ya ci gaba da murza carbi. Wannan shirun ya fi sarar ganuwar yi mata ciwo. Da baƙi ne suka yi da rashin sani, sai ta ce rashin sani ya fi dare duhu. Amma ubanta ya sani sarai, shi ya nuna masu ranar da ba ta nan.

Iska mai sanyi ta kaɗa ganyen ɗorawar. Ta ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗu yana tahowa da gaske. Nan take ta yi lissafin da duk wanda ya san masara zai yi. Ruwan bai daɗe da tafiya ba, laka ce har yanzu, saiwar ba ta sha iska ba. In aka toshe wuraren nan uku kafin hadarin ya sauko, fadamar za ta sake cika, gwajin ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba. In aka bar su a buɗe, ruwan zai bi lambatu ya wuce rafi, ƙasa ta tsane kwana biyu, ragwayen da suka fara mutuwa su farfaɗo, su tsaya kafaɗa da kafaɗa da jarumai, ba mai iya bambance su. Damina kuma ta fara ja da baya, ba wanda zai rantse maka za a sake ruwa mai cika fadama.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta je ta durƙusa gaban Sarkin Noma Yahaya. Dattijo ne ƙaƙƙarfa, abokin ubanta tun suna samari, shi ya raɗa mata suna ma ranar da aka haife ta.

"Barka da aiki, Baba Sarki. Sannunku da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

"Amin, amin, ɗiyata. Ai mun makara ma. Da tun ranar da ruwan ya kwanta muka zo."

"Ina da roƙo, Baba Sarki. Ruwan nan da gangan na tare shi. Gwaji nike yi, in ga wace masara ke jure shi. Don Allah, tunda garemani na hannu, a taimaka a maida ganuwar kafin hadarin nan ya sauko."

Sai wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi. Sarkin Noma ya ɗaga hannu aka yi shiru, shi ma murmushi yake, irin wanda ake wa yaro in ya ce zai kamo wata.

"Najiba, ni da nike gabanki na yi noman masara tun ba a san za a haife ki ba. Masara ba shinkafa ba ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mun san kunya ce ta hana ki cewa aikin ya fi ƙarfinki, ba komai, mun rufa maki asiri. Kuma ki sani, tun kaka da kakanni ba a taɓa cewa gayya ta kwance aikin da ta yi ba. Tashi ki je ki sha fura."

Daga baya wani mai suna Manu ya jefo tasa: "A bar ta, Sarki. Su 'yan boko masarar hoto suke nomawa, ba ta tuwo ba."

To, nan fa tura ta kai bango. Najiba ta miƙe tsaye, abin da ba a yi gaban dattawa sai an sallame ka.

"Kai Manu, ni kake gaya wa tuwo? Bara ina gonarka ta bakin rafi? Buhu nawa ka ɗauka? Ba kai ne ka zauna kan kunya kana kuka kamar mace mai takaba ba, ruwa ya cinye ta? Bara waccan fa, da fari ya ƙone ta Baba Sarki, wa ya yi mashi gayyar ruwan sama? Kowace shekara ku tsaya ku ce haka Allah ya so, ku sayar da awaki, ku tura 'ya'yanku ci-rani. Ni na ce bari in nemo irin da zai tsaya maku ranar da kuka rasa dabara. Wa ya tambaye ni? Cikinku duk wa ya tako ya ce, Najiba, me kike yi da ruwan nan? Ba ko ɗaya! Kun gwammace ku zauna ƙofar masallaci ku yi da ni, sannan ku jira in bar gari ku shigo da ganga. Wannan ba taimako ba ne, shiga sharo ba shanu ne!"

"A'uzu billahi!" in ji Gwaggo Marka, ludayin ya faɗi daga hannunta.

Fuskar Sarkin Noma ta canza. Ya juya ya dubi Malam Mudi. Duk mazan nan suka juya suka dubi Malam Mudi. Tsohon ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ɗingiso har inda take.

"Ya isa. Ki ba su haƙuri."

"Baba, hadari…"

"Na gan shi. Bari su ci abinci su tafi da mutuncinsu. In sun tafi, ki yi abin da kika ga dama, ko teku za ki maida fadamar ba ruwana. Amma ba a gabansu ba. Ki rufa mani asiri, Najiba. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Shi ne ya tsaya mata ta yi karatu lokacin da dangi suka ce a'a, shi ya ba ta fadamar da ta fi kowace gonarsa kyau. Ta san haka, kuma sanin ya ƙara mata haushi, don ya ɗaure ta ta inda ba ta iya kwancewa. Ta dubi kwanukan: ko buɗe su ba a gama yi ba. Cin tuwon gayya ba na gaggawa ba ne, akwai fura bayansa, akwai goro, akwai addu'a, akwai kirarin kowa da kowa. Ta dubi gabas. Walƙiya ta keta, tsawa ta biyo baya ba da jimawa ba, iska ta fara kwantar da kan masarar. Ruwan nan ba zai jira a ci tuwo ba.

Garemani na jingine a gindin ɗorawa. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya.

"Najiba," in ji ubanta. "Aje ta."

Ta ce, "Ka yafe mani, Baba." Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tuɓe takalmi, ta shiga laka.

Wallahi ko tari ba wanda ya yi. Ana jin sarar garmar, ana jin faɗuwar laka a bakin ramin farko. Ta sara, ta ɗebo, ta maka, ta taka da ƙafa, tana yi tana huci. Maza talatin da wani abu suna zaune suna kallon mace ɗaya tana rushe aikin da suka wuni suna yi, a gaban mai gonar, a gaban Sarkin Noma.

Sarkin Noma ne ya fara mayar da murfi kan kwanon da ke gabansa, a hankali, bai taɓa ko loma ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Mudi, mun gode da abinci," ya ce. Sai kowa ya rufe nasa. Wanda ya riga ya gutsuro ya mayar da lomar cikin kwano ya goge hannu a ciyawa. Gwaggo Marka ta bi su tana roƙo, don Allah, don Annabi, ko fura ku kurɓa, ba wanda ya waiwaye ta. A ƙasar nan, mutum ya yi maka aiki ya ƙi cin abincinka, ya gama gaya maka komai. Suka saɓa garemaninsu suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya. Shitu ya rataya gangarsa ta baya ya bi sahu. Mai garmar da ke hannunta ma bai tsaya karɓar abarsa ba.

Najiba ba ta ɗago ba. Ta gama na farko ta koma na biyu. Ɗigon farko ya same ta a nan, manya-manya, masu zafi a baya. Kafin ta kai na uku ruwa ya ɓarke, har ya fara bin lambatun yana jan lakar da take zubawa. Ta yar da garmar, ta durƙusa, ta dinga tattaro laka da ciyawa da hannu biyu tana cusawa, ta danne da gwiwa, ruwa ya kwashe, ta sake. Tana yi tana zagin lambatun, tana zagin Manu, tana zagin kanta da ta yarda ta tafi Funtua. Da ƙyar ya kama. Ta zauna a kan toshiyar da dukan nauyinta har ta tabbata ta tsaya.

Ruwa ya fara taruwa tsakanin layukan. Ya rufe laka, ya taɓa gindin masarar, ya hau. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai mata idon sawu. Gwajin ya tsira. Ta jira ta ji daɗi, daɗin bai zo ba.

Ta fito tana ɗiga, hannuwanta na jini inda ciyawa ta yanke ta. Gwaggo Marka ta tafi. Ƙarƙashin ɗorawa ba kowa sai ubanta, zaune kan buhunsa, rigar Juma'ar ta manne masa a jiki, ga kwanuka jere a gabansa ruwa na dukan murafunsu, ƙoren fura sun cika sun tumbatsa suna zuba a ƙasa.

Ta tsuguna. "Baba, tashi mu tafi gida, sanyi zai shiga gwiwar."

Ya daɗe yana duban fadamar kafin ya yi magana.

"Ya taru?"

"Ya taru, Baba."

"To, madalla. Allah ya sa ki samu irin da kike nema." Ya share ruwa daga gemunsa. "Mutanen nan da suka tafi su ne za su wanke ni, su ɗauke ni zuwa makwancina. Ban san wa za ki kira ba ranar."

Ta miƙa hannu za ta tashe shi. Ya kauce, ya dafa sandarsa ya miƙe shi kaɗai, ya kama hanyar gari cikin ruwa yana ɗingishi. Najiba ta bi bayansa da tazara, bai juyo ba har suka shiga Tsiga.